Kiwon gwano a akwatin gilashi: abinda zaka sani kafin ka taɓa gidansu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan baƙin da kuke gani a bidiyon nan yana kai-komo a cikin akwati ba tururuwar da ke jan gero a bakin rumbu bace, ba kuma kiyashin da ke shiga gwangwanin suga ba. Gwano ne. Eh shi dai wanda ake cewa baya jin warin jikinsa, shi ne kuma ya bamu kalmar jerin gwano, domin duk wanda ya taso a ƙauye ko yake zuwa gona ya taɓa cin karo dasu da sassafe sun jeru sun tsallaka hanya, in ka matsa kusa ko ka hura musu iska kaji suna wani ƙara siii kamar ana soya abu a nesa. Mutane da yawa sun tambaye ni wai ya ake ajiye su a gida, to yau zan faɗa muku gaskiyar abinda ke ciki, da daɗin da wahalar.

Farko dai mu rabe abu biyu, don a wajenmu sunan gwano yana hawa kan baƙaƙen tururuwa masu wari fiye da iri ɗaya. Akwai wanda zaka ganshi yawanci shi kaɗai yana yawo yana neman ƙwari, masana suna ce masa Paltothyreus tarsatus, akwai kuma wannan nawa mai fita yaƙi a jere, Megaponera analis. Tsohon sunansa ma Megaponera foetens, kuma foetens ɗin ma'anarsa mai wari, kaga ashe ba Bahaushe kaɗai hancinsa ya ji ba. A kudancin Afirka ana kiransu tururuwar Matabele, sunan mayaƙan ƙabilar Ndebele aka basu saboda yadda suke fita hari. Manyan cikinsu suna kusan santimita 2, ga su baƙi wuluk, ƙananan kuma sun kai wajen rabin haka.

To ga babbar maganar, kuma in baka ɗauki komai a bidiyon nan ba ka ɗauki wannan: gwanon nan gara kawai yake ci. Gara. Ba gyare ba, ba kyankyaso ba, ba tsutsar kaji ba, ba zuma ba. Ni da kaina na gwada, lokacin da garata ta yanke na sa musu ƙananan gyare, suka zo suka shinshina da eriyarsu suka zagaye shi suka koma, washegari na kwashe abina yana nan yadda na ajiye. Saboda haka wanda yace zai kiwata gwano, aikinsa na kullum neman gara ne, in babu suri ko gona kusa dakai wallahi kada ka fara, zaka zuba ido ne kawai kana kallo suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

A daji suna fita hari sau 2 zuwa 4 a rana, galibi da safe kafin rana tayi zafi sai kuma da yamma, kuma kowace fita ɗaruruwa ne ke tafiya. Tun shekarun 1970 an bi diddiginsu a nan Najeriya, a wajen Mokwa ta jihar Neja, aka ga irin garar da suke kwashewa, wato su ɗin abokan manomi ne ma. Yadda nake samo musu abinci dabara ce da masu kiwon zabi da kaji a ƙauyukan Afirka ta Yamma suka daɗe suna yi wa 'yan tsaki: ka sami tsohuwar tukunyar ƙasa ka cusa mata busasshen kara da busasshen kashin shanu, ka yayyafa ruwa kaɗan, ka kife ta inda kaga gara tana aiki ka rufa mata wani abu saboda rana, da sassafe kazo ka ɗaga zaka tarar ta cika. Ina da tukwane uku ina juya su. Amma dan Allah ka tabbatar wajen ba'a yi feshi ba, garar da ta taɓa maganin ƙwari in ta shiga akwatin nan gidan gaba ɗaya zai iya tafiya. Haka ɗakin da suke, babu fiya-fiya, babu maganin sauro na feshi ko na kunnawa, ka gaya wa mutanen gida tun wuri kada wani yazo da niyyar taimako ya fesa.

Abu na biyu da ke yaudarar sabbin shiga shi ne maganar sarauniya. Yawancin tururuwa in ruwan farko ya sauka zaka ga masu fiffike sun fito, ka kama sarauniya ɗaya ka sata a 'yar kwalba da ruwa da auduga, ta yi ƙwai ta kafa gida ita kaɗai. Wannan gwanon ba haka yake ba. Sarauniyarsu bata da fiffike tun asali, bata tashi, mazan ne ke da fiffike su tashi su nemo wani gidan. Sabon gida yana samuwa ne in babban ya rabu biyu, wani ɓangare ya tafi da tashi sarauniyar. Don haka duk wanda yace zai saida maka sarauniyar Megaponera ita kaɗai a kwalba wai ka fara da ita, riƙe kuɗinka. Hanya ɗaya ce, a tono gida sukutum, ma'aikata wajen 1,000 zuwa 2,000 da ƙwai da tsutsotsi da sarauniyar guda ɗaya tal, in ka baro ta a rami ko fatanya ta sare ta shikenan ka kashe gida a banza. Shi yasa ni bana son mutum ya tono don sha'awar kwana biyu. Nawa ɗin nan a wani fili na same su da za'a haƙa harsashin gini, dama tashinsu za'ayi.

Yanzu ku kalli yadda na tsara musu. Kashi biyu ne, ga ɗakin kwana ga filin farauta, tiyo mai haske ya haɗa su. Ɗakin na zuba POP ne a ƙasa, irin wanda ake silin dashi, saboda yana shan ruwa ya riƙe danshi, na bi samansa da ƙasar da na ɗebo daga ainihin inda na tono su, na rufe da gilashi na ɗora jar leda mai haske, tunda tururuwa basu cika ganin jan haske ba su a wajensu duhu ne, ni kuma ina ganin komai. Ƙasar nan ba ado bace. Tsutsar gwano in ta girma sai ta saƙa wa kanta 'yar riga ta kwanta a ciki kafin ta fito cikakkiyar tururuwa, kuma tana buƙatar ɓarɓashin ƙasa da ma'aikata zasu lulluɓa mata ta samu abin maƙala zaren, in ka basu gilashi fes ko roba zalla saƙar bata yiwuwa da kyau. Filin kuwa ka bashi faɗi iya ƙarfinka, masu bincike suna basu wajen mita 1 da mita 1, domin in wajen ya matse bazaka taɓa ganin jerin ba, kawai zasu fito su cakume garar a bakin ƙofa. A bakin akwatin ta sama na shafa hoda da na dama da sifirit, in ya bushe santsi yake musu su zamo, sannan ga murfi mai raga.

Danshi shi ne inda na sha wuya. Hunturun farko nayi tafiyar kwana huɗu, na dawo na tarar POP ɗin ya bushe ƙayau, sun kwashe tsutsotsin sun tara su a kusurwa ɗaya inda ɗan sauran laima take, da yawa sun yamushe sun mutu, abin ya tsaya min a rai sosai don laifina ne. Tun daga nan na huda gefe ɗaya ina ɗura ruwa da sirinji, gefe ɗaya jiƙe ɗayan kuma da ɗan bushewa, su zaɓi inda suke so da kansu. In ka cika ruwa kuma fumfuna ce zata taso. Kada rana ta bugi gilashin kai tsaye ko na minti kaɗan ne, cikin akwati yana zama tanda nan da nan musamman watan Maris da Afrilu. Suna da jujinsu, wani lungu da suke zubar da gawa da ragowar gara, ka riƙa kwashewa da hantsaki duk bayan kwana biyu.

Da hantsaki nace, ba da hannu ba. Suna cizo kuma suna harbi, ƙarin nasu yana da zafi ƙwarai, kuma in ɗaya ta harbe ka sauran suna tahowa. Wanda yasan jikinsa na kumbura in zuma ko rina ta harbe shi yayi nesa da wannan harka, wanda kuma aka harba yaji numfashi na sarƙewa ko fuska na kumbura, asibiti kai tsaye ba jira. Yara ma kada su buɗe murfin.

To yanzu ga abinda yasa nake jure duk wannan ɗawainiya. Ku matso ku kalla, na juye garar tukunya a can ƙarshen fili da ƙasarta da komai. Kunga waccan guda ɗaya da ke yawo ita kaɗai? 'Yar leƙen asiri ce. Ta iso, bata taɓa ko gara ɗaya ba, ta tsaya ta dudduba, ta juya. Tana komawa tana goga ƙarshen cikinta a ƙasa, wani sinadari take ajiyewa wanda zai zama musu hanya. Ta shige tiyo. Ku ƙirga kaɗan... gasu nan. Ita ce a gaba sauran na biye, in sun kusa sai su dakata na baya su iso, sannan a afka gaba ɗaya. Manyan su fasa ƙasar da gara ta lulluɓe kanta da ita, ƙananan su kutsa ta ramukan su riƙa harbi suna fitowa da gawa suna tarawa, in an gama manyan su cika baki da gara, wata ta ɗauko biyar ko fi a lokaci guda, a sake jeruwa a koma.

Amma fa gara ba ta tsayawa a yanka ta, sojojinta masu manyan kai suna datse ƙafa, wani kuma ya maƙale a jikin gwano ko ya mutu baya saki. Kalli wannan ta gefen dutse, ƙafa ɗaya ta tafi. Tana fitar da wani wari daga wajen bakinta, kiran agaji kenan, sai ga wata tazo ta taɓa ta da eriya, ita kuma mai raunin ta naɗe ƙafafunta tayi lamo, aka ɗauke ta cak aka nufi gida da ita. Wani masani Bajamushe, Erik Frank na jami'ar Würzburg, shi ya bi wannan abu a dajin Comoé na ƙasar Kwaddebuwa, ya fitar da bayaninsa a 2017, ya ga cewa in aka bar masu raunin su koma da ƙafarsu kusan kashi ɗaya cikin uku basa isa gida, gizo-gizo da sauran mafarauta ke tsince su a hanya. Wadda kuma tayi mugun rauni, kamar ƙafa biyar cikin shida sun tafi, ba'a ɗaukarta, kuma ba wai ƙin ta akeyi ba, ita ce bata natsuwa ta bada haɗin kai, sai ta yi ta birgima har a wuce.

A cikin ɗaki kuma, nan ne jar ledar ke biyana. Zaka ga ɗaya ta riƙe guntun ƙafar da hannuwanta na gaba tana lasar bakin ciwon, minti ɗaya, biyu, har huɗu bata ɗago ba. A binciken da suka fitar a 2018, waɗanda aka hana wannan jinya kashi 80 cikin 100 sun mutu cikin kwana ɗaya, waɗanda aka yi wa kuwa kashi 10 ne kacal. A 2023 suka ƙara gano cewa in ciwon ya kamu da ƙwayar cuta suna ganewa, sai mai jinyar ta kai ƙafa gefen bayan ƙirjinta inda wata 'yar jaka take, ta lakato wani ruwa mai kashe ƙwayoyin cuta ta kai baki ta shafa a ciwon, kuma ƙwayar da ke kashe su ɗin, Pseudomonas aeruginosa, ita ce dai wadda ke wahalar da likitoci a ciwukan mutane a asibiti. Ranar da na fara ganin wannan da idona ta cikin gilashi na daɗe a tsugune, Subhanallah kawai nake ta maimaitawa, halittar da muke takewa a hanyar gona bamu ko waiwaya ba.

Ga wanda yaji sha'awa amma yasan bazai iya tukunyar gara kullum ba, ka fara da ɗayan gwanon, Paltothyreus, shi yana karɓar ƙwari iri-iri kuma sarauniyarsa na da fiffike, ko ka nemi Odontomachus mai baki kamar tarko wanda yake wangale shi ya datse cikin ƙiftawar ido, akwai shi a yankinmu wajen da ke da laima. Kuma dan Allah wanda aka kawo daga wata ƙasa kada a sake shi a waje in an gaji dashi.

Bari in nuna muku wannan kafin in rufe murfin. Kunga mai ɗigon farin fenti a baya? Ita ce wadda aka ɗauko ranar Talata saura ƙafa biyar a jikinta, ni na ɗiga mata don in gane ta. Gata can ta uku daga gaba, tana ɗan karkacewa amma bata bari an wuce ta ba, kuma gara biyu ne a bakinta.