Bangon da ke zufa: lacca kan danshi a cikin gida

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa maza da mata, na gode da kuka ba ni aron kunnuwanku.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, rufi ba ya yoyo, famfo bai fashe ba, to ruwan da ke bangon nan daga ina yake?" Daga cikin ɗakin yake, iska ce ta sauke shi. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa. A zafin digiri 20, iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare tana iya riƙe kusan giram 17 na ruwa. Idan ta huce zuwa digiri 10, giram 9 kacal. Ragowar sai ta zubar a kan duk abin da ya fi sanyi: gilashin taga, kusurwar bango, bayan kabad. Kun san yadda kofin ruwan sanyi ke zufa? To shi ne.

Mu ne muke cika iskar da ruwa, ta numfashi da girki da wanka da shanya a ɗaka. Mai risho ma ya sani, kowace lita ta kananzir da ta ƙone tana fitar da kusan lita ɗaya ta ruwa.

Abin da ya fi damuna shi ne hunhunar da ke biyo baya, baƙin tabon nan mai wari. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan wannan, ta danganta gida mai danshi da tari da tashin asma. Yara ne ke kwana suna shaƙa. Amma sai mutum ya sayo fenti ya shafe, bayan 'yan watanni tabo ya dawo, domin ba a taɓa tushen ba.

Don Allah a rufe tukunya idan ana girki. A buɗe taga bayan wanka, a ja ƙofar banɗaki kada tururin ya bi gida. A yi shanya a waje. A janye kabad da katifa daga jikin bango kaɗan, iska ta samu hanya. Da safe a goge taga. Mai abin auna danshin iska ya tabbatar danshin ya tsaya tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari.

Wani ya yi tambaya kan danshin da ke ƙasan bango, mai farin gishiri da ɓarewar fenti. Wannan daga ƙasa yake hawowa, buɗe taga ba ya maganinsa. Magini za a kira ya duba harsashin ginin.