Ƙwaron Antatika da Dabarar Sarrafa Ruwan Jiki

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

Mu fara da ƙuda kafin mu gangara Antatika. A 1987 masana uku, Richard Lee da Cheng-Ping Chen da David Denlinger, suka fitar da wani sakamako a mujallar Science. Ƙudan nama suka yi amfani da shi, mai suna Sarcophaga crassipalpis, wanda ake kiwo a ɗakin gwaji a zafin digiri 25. In ka ɗauke shi kai tsaye ka sa a digiri 10 ƙasa da sifili na awa biyu, kusan duka mutuwa suke yi. Amma in ka fara ajiye shi a digiri sifili na awa biyu kacal, sannan ka kai shi wancan sanyin, mafi yawa sai su rayu. Ku lura, ba daskarewa ke kashe na farkon ba, domin ruwan jikin ƙudan nan ba ya zama ƙanƙara sai wajen digiri 23 ƙasa da sifili. Dukan sanyi ne na farat ɗaya: fatar ƙwayoyin jiki ta sandare, ta fara yoyo, gishirin ciki da na waje su cakuɗe. Kafin wannan aiki, abin da aka fi sani shi ne ƙwaro na bukatar makonni ya shirya wa hunturu. Ashe awanni ma sun isa.

Tambayar yadda ƙwari ke jure sanyi ce ta kai Lee, na Jami'ar Miami da ke Ohayo, da Denlinger, na Jami'ar Jihar Ohayo, har tashar Palmer ta Amurka a tsibirin Anvers. Can ake samun Belgica antarctica, ɗan ƙwaro mai kama da sauro, amma ba fiffike, ba cizo. Tsawonsa bai wuce milimita 6 ba. Sunan kuwa na jirgin ruwan Beljiyam ne, Belgica, wanda a tafiyarsa ta 1897 zuwa 1899 aka fara tattaro shi. Shekara biyu yake yi yana tsutsa cikin gansakuka da ƙasar da kashin tsuntsaye ya jiƙa, in ya balaga kuma kwana bakwai zuwa goma ne, namiji ya yi barbara, mace ta yi ƙwai, shi ke nan.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. Tsutsar na jure daskarewa har wajen digiri 15 ƙasa da sifili, muddin ƙanƙarar a wajen ƙwayoyin jiki ta taru, ba cikinsu ba. Amma tana da wata hanyar. Fatarta na barin ruwa ya wuce. In ƙasar da ke kewaye da ita ta daskare alhali jikinta bai daskare ba, sai ruwan jikinta ya riƙa fita a matsayin tururi yana komawa kan ƙanƙarar. Jinin ya yi kauri, sukari irin su tirehalos da gulukos su ƙaru, har ya zama sanyin wurin bai isa ya daskarar da shi ba. Kamar dai ruwan gishiri, da wuya ya yi ƙanƙara. A gwajin da suka buga a 2008, an sanyaya tsutsotsin sannu a hankali zuwa digiri 3 ƙasa da sifili, kusa da ƙanƙara, na kwana 14. Sun yi asarar wajen kashi 40 cikin ɗari na ruwansu, kuma fiye da kashi 95 suka rayu.

Mai son maimaita gwajin ya kiyaye abu uku. Kada tsutsa ta taɓa ƙanƙarar. In ta taɓa, ƙanƙara za ta ratsa fata ta daskarar da ita nan take, sai ka auna wani abu dabam kana zaton bushewa ka auna. Kada ka sauke sanyi da gaggawa, ruwan ba zai samu lokacin fita ba. Sannan kada ka ƙirga rayayyu da zarar sun narke. Wadda ta motsa yau tana iya mutuwa jibi, don haka a jira aƙalla kwana ɗaya, gara ma a bi su a ga ko sun ci abinci.

 

Abin da ya fi kusa da mu shi ne ɗan'uwan ƙwaron Antatikan nan na dangi ɗaya, Polypedilum vanderplanki, wanda masanin ƙwari Hinton ya bayyana a 1951 daga kwarmin duwatsun arewacin Nijeriya, inda ruwan sama ke kwanciya. Tsutsarsa na bushewa ƙayau da rani, ta rasa wajen kashi 97 na ruwanta, in an zuba mata ruwa ta farfaɗo cikin kamar awa ɗaya. Ita ma tirehalos take tarawa, har kusan kashi 20 na busasshen nauyinta, kuma sai ta samu kamar awa 48 tana bushewa a hankali. Shi ya sa take gina ɗan bututun laka ta shige, don ya rage saurin fitar ruwa. Ka zaro ta daga bututun ka busar da ita cikin 'yan awanni, ba za ta tashi ba.

Akwai tambaya? Bismillah, na baya can.