Matsewar Loɓa da Kunyar Zuwa Asibiti

Jama'a, abu uku zan faɗa in lokaci ya bari. Na farko, yaron da ba a yi wa kaciya ba tukuna, in fatar gabansa ba ta ja baya, ba ciwo ba ne. Haka ake haihuwar kusan kowane jariri, kuma da kanta take sakewa a hankali. Binciken da aka wallafa a 1968 kan 'yan makaranta a Denmak ya nuna cewa a shekara 16 zuwa 17, ɗaya cikin ɗari ne kawai tasa ke nan a matse. Iyaye mata, don Allah kada a ja ta da ƙarfi wajen wanka. Tsagewa take yi, ta warke da tabo, tabon ya ƙara ɗaure ta.

To, kunya. Nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Babba ne da loɓarsa ta matse, ko ya musulunta da girmansa, ko wanzami ya bar masa saura. Fitsari na fita da ƙyar, ga zafi, ga wari, iyali ma ya fara gudunsu. Sai ya tafi kemis ya ce wai abokinsa ne ba lafiya. Malam, mun san abokin nan! (Dariya.) Ya sha kafso, ya sha sassaƙe, shekara ta zagayo. Wuƙa yake tsoro, alhali sau da yawa ba ta kai ga wuƙa. Man shafawa ne irin su betamethasone, safe da yamma, mako 4 zuwa 8. In bakin fatar ya yi fari ya taurare, to sai kaciya, da allurar kashe zafi, ranar zai koma gida. Mu likitoci kuwa wallahi kullum muna gani, ba mai yi maka dariya. Kunya, kunya dai.

Na uku... na faɗi na biyu? To. In wurin na yawan kumbura yana tsattsagewa, a auna suga.

Wani daga baya ya ce: Likita, in an ja ta baya ta maƙale fa?

Yauwa, Alhaji, da wannan ya kamata in fara. Ta shaƙe kan ke nan, zai kumbura, jini ya kasa wucewa, nama na iya mutuwa. Ba a kwana da shi. Ko ƙarfe biyun dare ne, a nemi abin hawa a tafi asibiti.