Daga SS3 zuwa jami'a: abubuwan da ba mai bin ka ya tuna maka

Assalamu alaikum ƙannena ƴan SS3, da ku da kuka riga kuka gama kuna gida kuna jiran sakamako. Bidiyon nan naku ne, kuma don Allah ku daure ku kai ƙarshe, don abin da ya fi damuna yana can gaba, wato lissafin maki.

Shekara shida kenan ƙararrawa ce take tafiyar da ku. A kaɗa a fita asambuli, a kaɗa a shiga aji, ka makara ka tarar da malamin horo a bakin get, ka yi fashin kwana biyu fom masta ya aika gida a tambayi lafiya. To jami'a ba ƙararrawa. Ba mai kiran suna da safe ya ce ina wane, ba mai zuwa ɗaki ya tashe ka. Kuma wannan barin ka da kanka ba sai ka shiga makarantar yake farawa ba, tun ranar da ka je sayen fom ɗin JAMB ya fara.

Mu fara da sunanka. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kana tura ta ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019 a turo maka lambar da za ka sayi fom da ita, kuma duk abin da ke jikin NIN ɗin nan shi ne zai hau kan takardarka, suna da ranar haihuwa. Mu kuma kun san yadda muke da suna, a firamare an rubuta Muhammad, a WAEC an rubuta Mohammed, a NIN kuma an sa sunan kaka a madadin na mahaifi, ko an sa sunan gari a ƙarshe. A gida duk kai ne, amma a teburin tantancewa mutum uku ne. Na ga yarinyar da ta samu gurbi lafiya lau, ta zo tantancewa da babanta da jakarta har da katifa a ɗaure a bayan mota, mai duba takardu ya ɗora yatsa a kan shekarar haihuwa ya ce wannan da wannan ba su yi daidai ba, haka suka juya suka shiga zaryar kotu da ofishin NIN na makonni, kafin ta dawo an ci rabin lakcocin zangon. Yau ɗin nan ka ɗauko takardunka ka jera su a tabarma ka karanta harafi harafi, in akwai gyara a yi shi kafin rajista, ya fi sauƙi kuma ya fi araha.

Layin wayar da ka tura saƙon da shi kuma naka ne, ba na yayanka da zai tafi Legas ba, ba na mai kafen intanet ba. Da shi za ka duba sakamako. Imel ma haka, ka buɗe da kanka ka rubuta kalmar sirrin a littafi. Kuma rajista a cibiyar CBT, wato wurin jarrabawa da kwamfuta, da JAMB ta amince da ita kawai, kafin a danna aikawa ka ce a juyo maka da allon ka karanta da idonka, kar kunya ta hana ka don layi ya yi tsawo a bayanka.

Sai haɗin darussa, a nan ma ana faɗuwa ba tare da an faɗi jarrabawa ba. UTME, wato jarrabawar JAMB ɗin, darasi huɗu ne, Turanci dole, sauran ukun kuma kwas ɗin da kake so ne yake zaɓar maka su, ba kai ba. Likitanci, Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Injiniya, Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Lauya, sai da Adabin Turanci. Ka ci 280 cikin 400 da haɗin da bai dace ba, kwamfuta ba za ta ma kawo sunanka gaban sashen ba. JAMB tana da kundin da ya jera kowane kwas da abin da kowace makaranta take nema, yana shafinsu, ka karanta na jami'ar da ka zaɓa takamaimai don sukan bambanta. A WAEC ko NECO kuma kiredit biyar ake nema har da Turanci, da Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu, wasu makarantun a likitanci zama ɗaya suke karɓa.

Jarrabawar kanta tambaya 180 ce, 60 a Turanci, 40 a kowanne cikin ukun, a awa biyu. Ku raba ku gani, daƙiƙa 40 kenan kowace tambaya. In kai ɗan makarantar da ba ku taɓa taɓa kwamfuta ba ne, kar ranar jarrabawa ta zama ranar farko, ka nemi inda za ka zauna ko sau uku ne ka saba, A B C D ka zaɓi amsa, N ka wuce gaba, P ka koma baya, S ka miƙa in ka gama, amma hannun da bai saba ba rawa yake. A sakamakon farko da aka saki a 2025, mutum kusan miliyan biyu suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 cikin 400 ba. Ba don in tsorata ku na faɗa ba, don ku san tambayoyin shekarun baya da manhajar JAMB ba abin karanta wa mako biyu ba ne.

Kuma in kun ji an ce an sa mafi ƙarancin maki, kamar 150 da aka sa wa jami'o'i a 2025, wannan bakin ƙofa ne kawai. Sashen likitanci ko lauya a ABU ko BUK ba a nan yake tsayawa ba, nesa ba kusa ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurbi ne kashi 45 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, kashi 35 ga jihohin yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko, shi ya sa zaɓen makaranta ma lissafi ne, ba wai inda abokinka ya cike ba.

Daga 2017 duk adimishin ta CAPS yake bi, shafin JAMB ne, ka tabbata an ɗora sakamakon WAEC ko NECO ɗinka a can da zarar ya fito, in ba a ɗora ba ba za a duba ka ba. In an ba ka, kai ne za ka shiga ka danna ka karɓa. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya a ciki, ko makarantar da ta ce ka zo ka fara za a gyara JAMB daga baya, ka yi taka tsantsan, don sunan da ba ya cikin jerin JAMB matsalarsa sai lokacin bautar ƙasa take tashi, bayan shekara huɗu ko biyar.

In kuma ba a samu ba bana, ba a rufe ƙofa ba. Akwai IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da ABU Zariya take kula da shi, ka gama da maki mai kyau ka shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, mai NCE da mai difloma ta ƙasa su ma suna da wannan hanyar. Ni dai ra'ayina zaman gida shekara uku ana jiran likitanci ko ba komai, asara ce, sai dai in kana da wani abin da kake koya a hannu.

To yanzu ka shiga. Ga abin da na ce na ajiye.

Yawancin jami'o'inmu maki biyar suke lissafi da shi. Ku kalli allon nan. 70 zuwa sama A ne, maki 5. 60 zuwa 69 B, maki 4. 50 zuwa 59 C, 3. 45 zuwa 49 D, 2. 40 zuwa 44 E, 1. Ƙasa da 40 F, sifiri. Kowane kwas yana da nauyinsa, wani yunit biyu wani uku, sai a ninka. Kwas mai yunit uku ka ci 69, uku sau huɗu 12 kenan, ka ci 70, uku sau biyar 15. Maki ɗaya tak a takarda ya zama uku a lissafi, kuma sau da yawa wannan ɗayan a tes ɗin da ka ƙi zuwa yake, ko aikin gida da ka kwafa a gurguje a bakin aji, don kashi 30 ko 40 na makin kwas tun kafin jarrabawa ake tara shi. A tara duka a raba da jimillar yunit, shi ne GPA na zango, a yi ta tarawa har ka gama, shi ne CGPA. 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar ta biyu.

Yanzu ku bi ni a hankali. Digirin shekara huɗu zango takwas ne, mu ɗauka nauyinsu ɗaya. Ka shiga aji ɗaya kana murna, sabon gari, sababbin abokai, ba mai cewa ina za ka, ka gama shekarar da 2.0. Don ka fita da 3.50 sai ka ci 4.0 a kowane zango cikin shidan da suka rage, wato B a komai har ƙarshe ba tuntuɓe ko ɗaya, alhali kwasa-kwasan aji uku sun fi na aji ɗaya wuya nesa. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta tafi, ko A ka ci a kowace takarda daga nan har ka gama lissafin ba zai kai 4.50 ba. Wallahi wannan ne abin da nake so a ce wani ya zaunar da kowane sabon ɗalibi ya nuna masa da biro, don yawanci sai a aji uku mutum yake gane shi, lokacin sai dai faci. Aji ɗaya kuma shi ne mafi sauƙin tara maki, rabin abin da ake koyarwa kun taɓa shi a SS2 da SS3.

Kwasa-kwasan kowa da kowa ɗin nan, GENS ake ce musu a ABU, GSP a BUK, kar ka raina su don ba na sashenka ba ne, yunit ɗinsu yana shiga lissafi kamar kowanne. F kuma ba ta tsaya a sifiri ba, sai ka sake ɗaukar kwas ɗin baɗi, shi ne kari oba, ka zauna da ƴan bayanka, lokacin lakcarsa ya ci karo da na sabon ajinka.

Lakca a aji ɗaya wani lokacin ku ɗaruruwa ne a ɗaki ɗaya, in ka zauna a baya bakin malami kawai za ka ga yana motsi. Ka zo da wuri ka kama gaba. Turancin zai yi maka sauri a makonnin farko, musamman in makarantar da ka fito da Hausa ake yi muku bayani, wannan ba daƙiƙanci ba ne, kunne ne bai saba ba kuma zai saba. Ka rubuta abin da ka kama, da daddare ka buɗe littafi ka cike gurbin, ka nemi mutum biyu ko uku masu karatu ku riƙa bitar tare, in ma da Hausa za ku warware wa juna ba laifi. Ƙungiyoyin ɗalibai na addini da na sashe suna shirya darasin bita kyauta, ka je.

Kuɗi kuma. Abin da aka ba ka na wata, ka cire na abinci da na kwafin takardu ka ware tun ranar farko, garin kwaki da shinkafa da manja daga gida sun fi kuɗin a hannu albarka. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati, ba ruwa a kansa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, amma bashi ne fa, ku zauna da iyaye a yi shawara kafin a cike. Ka kuma nemi tallafin karatu na jiharku. Sannan ka sa a ranka kalandar tana iya gocewa, a 2022 ASUU, ƙungiyar malaman jami'a, ta yi yajin aiki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, wanda yake da ɗinki ko gyaran waya ko wani abu a kwamfuta bai ji zaman kamar wanda ba shi da komai ba.

Ke kuma ƙanwata, magana ɗaya. In wani, malami ne ko ɗalibi, ya fara haɗa makinki da wata buƙata tasa, ba ke kika jawo ba kuma ba a shiru. Ki ajiye saƙonnin, ki faɗa a gida, ki kai wa shugaban sashe ko ofishin kula da harkokin ɗalibai, kuma kar ki je ofishin ke kaɗai. Ku maza kuma duk ƙungiyar da aka ce a ɓoye ake shiga, da dare, da rantsuwa, da duk abokin da ya miƙo maka ƙwaya ya ce ta karatu ce, ka ja jikinka tun a ranar.

Sai rajistar kwas. Kowane aji yana da malamin da aka ɗora wa kula da shi, lebul kodineta, ka neme shi a makon farko kafin ka cike komai a intanet, don kwas ɗin da ba ka yi wa rajista ba ko ka zauna jarrabawarsa ba za a lissafa maka ba, wanda kuma ka yi wa rajista bisa kuskure ka ƙi zama F ce take jiran ka. In ka gama ka buga fom ɗin, a sa hannu, ka yi kwafi biyu. Ka sayi fayil ɗin roba guda ɗaya, takardar adimishin, rasit ɗin kuɗin makaranta, fom ɗin kowane zango, duk a ciki, ka kuma ɗauki hotonsu ka tura wa imel ɗinka. Ranar da sakamako ya fito aka ce ba a ga makinka a wani kwas ba, wannan fom ɗin mai sa hannu shi za a ce ka kawo.