Na dawo Wusasa, baiti na uku ya gudu daga bakina

Salama jama'a, barkanmu da asuba. Ku yi haƙuri da muryata, hunturu ne ya shaƙe ni tun jiya. Waɗanda suka saba ganina a ɗan ɗakina na Lids a Ingila, naɗe cikin rigar sanyi kamar ƙunshi, to yau ga ni a tsakar gidanmu a Wusasa, Zariya. Carar da kuke ji ɗin nan zakaran Mama ne, shi ya tashe ni tun kafin ƙarfe biyar.

Shekara shida rabona da gida. Ba zan cika ku da labarin hanya ba. Jirgin Landan ya sauke ni Abuja da sassafe, na hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, ƙanena ya ɗauko ni a mota. Muna isowa Ɗanmagaji na hango mai rake, na ce ya tsaya. Ya ce, "Yaya, ana jiranki fa a gida." Na ce ko Sarkin Zazzau ne ke jira, sai na sha rake tukuna.

Kun ji Mama ko? Wai in ajiye wayar nan kada mu makara sujada. To Mama, ga ni nan zuwa! Mu je, sauran zancen a hanya.

Yauwa, ku tsaya ku dubi ginin nan da kyau, don dominsa na ɗauko kyamara yau. Wannan ita ce tsohuwar majami'ar Sent Batalomi, an gina ta a 1929. Ginin ƙasa ne, tubali da azara, aikin magina Hausawa. Ku ga kaurin bangon. Waje rana na iya yin yadda ta so, ciki sai sanyi kamar randa. Ku ɗaga kai ku ga bakan gizon da ke riƙe da rufin. Wanda ya taɓa ganin tsohon ginin Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, zai gane dangin juna ne. Salo ɗaya, fasaha ɗaya.

A asibitin da nake aiki a can, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, in na ce ni Bahaushiya ce kuma Kirista, sai a tsaya ana kallona. Turawa ba su da laifi, ba su san komai a kai ba. 'Yan Najeriya 'yan'uwana su ne ke ba ni mamaki. Wata ta ce mini, "A'a, sai dai in kin iya Hausa kawai." To 'yar'uwa, in kina kallo, ga amsarki a tsaye, ta kusa shekara ɗari. Likita Mila na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, a cikin birnin Zariya ya fara zama, daga baya aka dawo da mishan nan gindin dutse. Yana cikin waɗanda suka yi aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga shi cikakke a 1932. Janar Yakubu Gowon ma a nan ya tashi, mahaifinsa mai bishara ne. Kakata kuwa, Allah ya ba ta hutawa, ba ta taɓa yin addu'a da wani harshe ba sai Hausa.

Zan kashe kyamara, an fara.

Na dawo. Jama'a, yau na sha kunya, kuma gara ku ji daga bakina kafin ƙanena ya kai muku. An kira lambar waƙa a Littafin Waƙoƙi, waƙar da na haddace tun ina makarantar Lahadi. Aka miƙo mini littafi, na ce a barshi, wai ni gwana. Baiti na ɗaya na rera da ƙarfi har ana waiwayowa. Na biyu na lallaɓa. Na uku, ɗif! Baki na motsi, babu abin da ke fita. Mama na can cikin matan zumunta sanye da ankonsu, amma ta gan ni sarai. Kun san kallon nan na iyaye da ba ya bukatar magana.

Ina zaune ana wa'azi ina ta tunanin inda baitin ya shige. Cocin da nake zuwa a Lids ginin dutse ne mai tsayi, ga molon nan nasu mai bututu, mu bai fi talatin ba, yawanci tsofaffi. Mutanen kirki ne, gaskiya. Ranar da na kwanta rashin lafiya wata tsohuwa har gida ta kawo mini miya. Bayan sujada a sha shayi da biskit. Amma waƙa a can a tsaye ake yinta ƙiƙam, ido a kan takarda, ko kafaɗa ba ta motsi. Waƙoƙinmu kuma sai in ina aikin dare, ina gyara gadon majiyyaci, in ɗan rera a maƙogwaro. Kullum baiti na ɗaya da amshi. Ba wanda zai karɓa mini, to ina zan kai na uku?

Da aka zo baiko kuwa matan zumunta suka tashi. Ku saurari wannan, na ɗan ɗauko muku. Wancan sautin mai zurfi tulu ne, tulun ƙasa, ana bugun bakinsa. Ga caki, ga ganga. Mace ɗaya ta ba da waƙa, mata sama da hamsin suka karɓe. Ban san lokacin da na bar kujera ba. Takalmin da na sayo da tsada don Kirsimeti yana can ƙarƙashin benci.

Yanzu kowa ya watse, na dawo tsohon ginin da littafin zanena. Masu bina sun san zane shi ne hutuna ranar da ba ni da aiki. Abin dariya, na girma a Zariya amma sai a Ingila na ji labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a nan a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka ce za su koyi dabarar Bature amma su zana abin gida. Kwalejinsu ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sau nawa na wuce Samaru ban sani ba.

Wani dattijo ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallo. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ya kuka gani?" Ya ce, "'Yata, hannunki na da kyau, amma bakan nan kin yi masa tsini irin na cocin Turawa. Ɗaga kai ki sake dubawa." Na duba. Gaskiyarsa. Ga shi nan ina gogewa.

Af, na manta ban nuna muku ba. Da muka fito Mama ba ta ce mini uffan ba, sai ta zaro tsohon Littafin Waƙoƙinta daga jaka, wanda bangonsa ya rabu aka ɗinke da zare, ta ɗora mini a cinya. Ta ce ranar Alhamis da la'asar akwai koyon waƙa, in zo da littafin, in bar wayar a gida. Don haka wannan kam ba za ku gani ba. Batir ma ya yi ja, ga waina da miyar taushe na jirana. Sai mun haɗu.