Masu kawo mana labarin fasaha, ina tambayar take?

Jama'a masu saurare, sallama. Yau kam da 'yan uwana masu aikin jarida nake, musamman masu shafukan nan na Facebook da TikTok da suka naɗa wa kansu rawanin masana fasahar zamani, don abin ya fara isata wallahi.

Wani shafi mai ɗimbin mabiya ne ya saki labari wai ga sabuwar manhaja ta shigo, ka zuba kuɗinka AI, wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta, zai riƙa juya maka su kana barci, ƙarshen wata ka kwashi ninki. An ɗora masa "da ɗumi-ɗumi" kamar labarin gaske, a ƙasa kuma ga linkin rijista, wanda ko yaro ya san duk wanda ya shiga ta nan mai shafin na da kamasho. Ba a ce talla ce ba. Kuma tun daga sama har ƙasa babu inda aka yi tambaya ɗaya tak, ribar nan daga ina take fitowa?

Haba jama'a! Sau nawa za a sare mu a rami ɗaya? Tsarin zuba kuɗi na MMM ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, a Disambar 2016 ya rufe asusun mutane. CBEX ta zo da nata, ninki cikin kwana 30, ita ma da sunan AI ɗin dai, a Afrilun 2025 ta kife da kuɗin bayin Allah, har fusatattu suka far wa ofishinta a Ibadan, hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari kuma ta ce ba ta da rijista da ita. To ashe akwai inda ake dubawa kenan. Wa ya duba kafin ya yi fostin? Wa ya tambaya? Sai bayan ta fashe ne za ka ga shafukan sun koma "innalillahi, yadda aka damfari 'yan Najeriya", su sake kwasar laik a kan hawayen mutanen.

Haka aka yi da mainin, wato dannan waya don tara kuɗin intanet na kirifto. A 2024 ka je PZ ko Samaru ko bakin Kwangila a nan Zariya, za ka tarar da matashi ya duƙufa yana dannan sikirin kamar mai jan carbi, a manhajoji irin su Hamster Kombat da Tapswap, wani har da wayoyi biyu, yana biyan kuɗin caji a shago saboda ba wuta, yana sayen data da kuɗin da ya kamata ya ci abinci. Ban ce duk harkar kirifto ƙarya ce ba, akwai waɗanda suka samu a Notcoin. Amma aikin ɗan jarida ai shi ne ya zauna ya yi lissafin, mutum miliyan nawa ke dannawa, nawa za a raba, nawa zai faɗo wa kowa. Lissafin firamare ne fa. Maimakon haka sai hasashen farashi ake ta watsawa, ranar da aka saki kuɗin Hamster a Satumbar shekarar da yawa ko kuɗin datarsu ba su mayar ba.

Na san me za a ce, wai shafin intanet ba gidan jarida ba ne, ba albashi, kuma mutane ba sa karanta dogon bayani. Wannan ba hujja ba ce. In za ka iya karɓar kuɗin talla ka iya rubuta "talla" a samanta, harafi biyar ne. In kuma ba ka gane abu ba ka bar shi, ba dole.

Don rashin ganewar ma wata masifar ce. A 2020 an yi ta yaɗa cewa fasahar sadarwa ta 5G ce ke kawo korona, alhali a ƙasar nan ba a ma yi gwanjon lasisinta ba sai Disambar 2021, lokacin da MTN da Mafab suka samu. A Maris na 2024 da intanet ya rikice, manyan wayoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace ta gaɓar Afirka ta Yamma, mutum nawa aka yi wa bayanin haka da Hausa yadda zai gane dalilin da tiransifa ɗinsa ta maƙale? Da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, sanarwar aka kwafo aka liƙa, shikenan. Mai POS na Sabon Gari da data ce jarinsa, da ɗalibar jami'a ta harabar Kongo mai sauke karatu a waya, wa ya je ya tambaye su?

Kuma abin takaicin, a Zariya muke, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ga sashen koyar da aikin jarida a ABU, ga na kimiyyar kwamfuta, duk a Samaru. Malaman da za su warware maka yadda waɗannan manhajojin ke aiki suna nan, kuɗin Keke Napep ne tsakaninka da su. Ka ɗauki wayar da kake fostin da ita, ka kira ɗaya daga cikinsu, ka karanta masa abin da aka turo maka, ka ce malam ribar nan daga ina take fitowa, ka ji me zai ce kafin ka danna.