Giwa da Manomi a Hoto Ɗaya

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu ɗaukar hoto, da ku ɗalibai da ke can baya, sannunku da haƙuri. Kwana biyu ke nan kuna fama da saita haske da koyon riƙon kyamara. Yau ku ɗora ta a cinya tukuna, mu yi magana kan abin da za ku ɗauko da ita a daji.

Bari in fara da Gabon. Tsakanin 1999 da 2000, wani masanin daji Ba'amurke, Mike Fay, ya taka da ƙafa kusan kilomita 3,200, daga dazuzzukan Kongo har bakin teku a Gabon. Mai hoto Michael Nichols na mujallar National Geographic ya riƙa riskarsa a hanya yana ɗauka. Da aka shimfiɗa wa Shugaba Omar Bongo hotunan, ya ga giwaye da gwaggon biri da dorinar ruwa na ƙasarsa, a 2002 ya ware gandayen daji 13, kusan kashi goma cikin ɗari na faɗin ƙasar. Rahotannin masana sun daɗe a ajiye, amma gani ya kori ji.

To mu fa? Yankari na nan tun 1956, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, giwayensa kuma na cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya. Amma ku duba wayoyin waɗanda suka je: hoton wanka ne a ruwan Wikki, sai na biri yana fizgar leda. Wallahi abin yana damuna.

Wata shekara da rani na yi kwana huɗu ina zarya a gefen kogin Gaji, inda namun daji ke taruwa in ruwa ya ja baya a sauran wurare. Ran na huɗu da la'asar garken giwaye ya fito, ƙura ta turnuƙe, wata uwa tana tura ɗanta da hanci don ya shiga ruwa. Na ɗauka, raina fes. Da kaka na koma, na sauka a wani ƙauye da ke bakin gandun, na nuna wa wani dattijo hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, zo ka ɗauki nawa." Ya kai ni gonarsa. Dawa ce ta isa yanka, an tattake ta kwance cikin dare ɗaya, ga sawu kamar faifai, ga kashi ko bushewa bai yi ba. Ya tsuguna yana tsintar zangarniya daga cikin ƙasa yana karkaɗewa. Na ce, "Baba, in ɗauka?" Ya ce, "Ai don haka na kawo ka."

Tun ranar na gane rabin labari nake ɗaukowa. Wanda zai bar giwa ta rayu, ko ya rufa wa mafarauci asiri, shi ne wannan dattijon. In hotonku bai nuna asararsa ba, hukuma ba za ta ga dalilin taimaka masa da tsaron gona ba, shi kuma ba zai ga dalilin kai rahoto in ya ji ƙarar bindiga ba.

Ku tuna hoton da Ami Vitale ta ɗauka a Kenya a watan Maris na 2018, na karkandan nan mai suna Sudan, namiji na ƙarshe a irin farin karkanda na arewa, yana gab da mutuwa. Abin da ya taɓa zukatan mutane shi ne mai kula da shi, Joseph Wachira, da ya durƙusa ya jingina goshinsa da na dabbar. A Nijar ma, raƙuman dawa na Kure sun ragu zuwa 49 a 1996, yau sun wuce 600, har an kai takwas Gadabeji a jihar Maraɗi a 2018. Cikin gonakin mutane suke kiwo, suna cin wakensu. Duk mai ɗaukarsu ya bar manomin a waje, ya tauye labarin.

Wani ya tambaye ni jiya ko sai da dogon madubi mai tsada. Yana da amfani, ba musu, amma hoton gonar nan da ƙaramar kyamara na ɗauke shi. Abin da zan roƙe ku shi ne amana. Kada ku jefi dabba don ta ɗaga kai. Kada ku ƙara giwa ko ku goge mutum a kwamfuta. Aikin jarida kuke yi. Kuma ku kashe abin da ke liƙa wa hoto bayanin wurin da aka ɗauke shi kafin ku sa a Facebook, domin masu neman haure su ma suna da waya. Sunan gandun ya isa.

Gobe in Allah ya kai mu, ana sallame asuba mota za ta tashi. Ku sa tufafi masu duhu, ban da turare, kowa ya cika batir tun daren nan. Duk wanda za ku ɗauka a ƙauye, ku yi masa sallama ku nemi izininsa tukuna.